Yadda Ake Zura Falle a Injin Silita

Ƙofar shago mai naɗewa da kake gani a Kasuwar Barci ta Kaduna, da bututu mai kusurwa huɗu da masu walda na Panteka ke ƙera gado da kujerun makaranta da shi, duk asalinsu ɗaya ne: falle mai faɗi da aka naɗe kamar gammo, wanda muke kira koyil. Kafin ya zama bututu ko ƙofa sai an warware shi, an tsaga shi ziri-ziri ta tsawo, an sake naɗe kowane ziri daban. Injin da ke wannan aiki shi ne silita.

Na daɗe a kan wannan inji a wata masana'anta da ke Kakuri. Wanda ya koya mini dattijo ne da ya baro masaƙa lokacin da masaƙun Kaduna suka shiga rufewa a shekarun 2000. Ranar farko ya ce da ni, "Ɗana, da yadi da ƙarfe duk warwarewa da naɗewa ne. Bambancin, yadi ba ya cire yatsa." Bai bar ni na taɓa maɓalli ba sai da na yi wata biyu ina goge wuƙaƙe. A lokacin haushi nake ji. Yanzu ni ma haka nake yi wa yaran da ake turo mini.

Ga jerin layin daga baki zuwa ƙarshe, don ka san inda muke in na ambaci wuri. Akwai keken koyil, sai mandiral ɗin warwarewa, wato sandar da ke shiga tsakiyar koyil ta buɗe ta riƙe shi, da rolar danne kai a samansa, sai rolar kamu, lebula mai miƙar da falle, almakashin yanke baki, jagorar gefe, kan wuƙaƙe, mai naɗe ragowar gefe, rami, faya-fayan raba ziri, matsi mai danne ziri kafin naɗi, sai mandiral ɗin naɗewa a can ƙurya. Wani injin ba shi da lebula, wani ba rami, amma tafiyar ɗaya ce.

Kayan da za ka tanada

Na awo: maikiromita na auna kauri, baniya na auna faɗi, fila-gej na auna tazara, tef mai mita 5, da alƙalamin maka ko alli.
Na aiki: almakashin yanke langalanga mai dogon hannu, sifanar goron shaf (sandar da wuƙaƙe ke hawa), gudumar roba, ƙugiyar jan falle mai tsawon kamu biyu ko fiye, tsumma mai tsabta, kananzir, langalangar ɗauri da abin matse ta.
Na jiki: takalmi mai ƙarfe a baki, hular kwano, tabarau, safar hannu da kaifi ba ya hudawa, da kwaɗo ɗaya wanda kai kaɗai ke da makullinsa.

Kada ka shigo da jamfa mai faɗin hannu, ko rawani, ko carbi a wuya, ko zobe. Mutum uku ake so a layi: ɗaya a allon maɓallai, ɗaya a baki, ɗaya a wajen naɗewa. Biyu za su iya in dole ta kama. Mutum ɗaya kuwa, a haƙura da aikin.

1. Duba koyil tun yana ƙasa

Karanta takardar aiki, sannan ka karanta tambarin da ke jikin koyil, ka ga ko sun yi daidai. Duk da haka kada ka yarda da tambari. Auna kauri da maikiromita wuri uku, gefe da gefe da kuma inda hannunka ya iya kaiwa ciki, kana shiga kamar milimita 25 daga baki. Na sha ganin an rubuta milimita 0.45 awo ya nuna 0.40, kuma da abin da awo ya nuna ake jera wuƙa.

Auna idon koyil, wato ramin tsakiyarsa. Yawanci milimita 508 ne ko 610. In mandiral ɗinka na 508 ne koyil ya zo da 610, sai an ɗaura masa faranti na ƙari. In babu, kada ka cusa katako ka ce ya isa, koyil zai riƙa zamewa yana wujijjiga falle.

Kayanmu daga tashar Apapa suke tasowa a tirela, su kwana a hanya, kuma direba da sarƙa yake ɗaurewa. Dubi inda sarƙar ta ci gefe. In lotsawar ba ta wuce abin da za ka zubar a gefe ba, ci gaba. In ta wuce, kira mai kayan ya gani da idonsa tun ba a yanka ba. Da damina, musamman Agusta da Satumba, leƙa tsakanin naɗin galbanaiz, wato falle mai rufin tutiya, ko akwai farin gari kamar alli. Ruwa ne ya shiga ya ci rufin tutiya. Ɗauki hoto da waya ka ajiye, don ranar da za a ce kai ka ɓata.

Yana da kyau ka san tsawon abin da za ka ja. Ƙarfe mita ɗaya murabba'i mai kaurin milimita 1 yana da nauyin kilo 7.85, alminiyam kuwa 2.7. Koyil mai tan 5, faɗi milimita 1,220, kauri milimita 0.5, kowace mita tana da kilo 4.79, wato tsawonsa ya ɗan haura mita 1,040. Da wannan za ka ƙiyasta lokaci, ka kuma san yaushe wutsiya, wato ƙarshen falle, ke zuwa.

2. Jera wuƙaƙe

A nan aikin yake. Sauran duk biye wa wannan suke.

Fara da kashe babban suwic, ka sa kwaɗonka, makulli a aljihu. Sauke ƙarfin haidirolik. Wanda ya ce maka "minti biyu ne kawai, bar shi a kunne", ba shi zai yi jinyarka ba.

Wuƙaƙen silita faya-fayai ne da ake jerawa a shaf biyu, na sama da na ƙasa, ana raba su da zoben ƙarfe da muke kira sifesa. Ba yanka suke irin na wuƙar mahauci ba. Suna shiga fallen kaɗan ne daga sama da ƙasa, sauran kaurin ya karye da kansa. Abin da ke sa karyewar ta fita sumul shi ne tazarar da ke tsakanin fuskar wuƙar sama da ta ƙasa. A baƙin ƙarfe mai laushi da galbanaiz, fara da kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari na kaurin falle. Alminiyam a rage, sitenles da ƙarfe mai tauri a ƙara. In injinka ya zo da jadawalinsa, bi nasa ka bar nawa.

Misali: koyil mai faɗin milimita 1,220, kauri milimita 1, ana son ziri 6 masu faɗin 200. Shida sau 200 ya ba da 1,200, saura 20, wato 10 a kowane gefe za a zubar. Tazara 0.1. Kowane ziri yana faɗawa ne tsakanin wuƙa biyu da suka buɗe masa a shaf ɗaya, waɗanda muke ce wa mace, da wuƙa biyu da ke tura shi ciki daga ɗaya shaf ɗin, wato namiji. A wajen mace sifesa 200 cif. A wajen namiji ka cire kaurin wuƙa biyu da tazara biyu. In wuƙarka mai kaurin 10 ce, 200 a cire 20 a cire 0.2, saura 179.8. Ziri na gaba sai su yi musanya, inda mace take ya koma namiji. Rubuta duk jerin a takarda kafin ka ɗauki zobe ko ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu goge. Kowace wuƙa, kowane sifesa, fuska biyu, da tsumma da ɗan kananzir, sannan ka shafa da tafin hannu ka ji ko akwai wani abu. Shaf ɗin ma haka. Wata shekara cikin Janairu, hazo ya rufe gari har ba a hango gadar kogi, na jera sifesa a kan tebur na tafi sallar azahar na dawo na ɗora su ba tare da na sake gogewa ba. Ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale bayan wuƙa ta uku. Ƙwayar yashi mai laushi ta kai 0.1, daidai da tazarar gaba ɗaya. Wuƙar ta riƙa rawa, kowane zagaye ta matse ta saki, ziri biyu suka fito da kaifi a baki wuri-wuri kamar haƙorin zarto. Mai bututu ya dawo da su. Tun daga ranar, da hunturu ba na barin sifesa a buɗe, ko fitsari zan je sai na rufe su da leda.

Kada ka haɗa wuƙaƙen da aka wasa da waɗanda ba a wasa ba a jeri ɗaya, girmansu ya bambanta. Duba bakin kowace da farce, mai ɓalli a ware ta. Zoben roba da ke hawa kan sifesa, su ke riƙe ziri su fitar da shi daga tsakanin wuƙaƙe. Girma biyu ne, na wajen namiji da na wajen mace, galibi launinsu daban. In ka musanya su, ko dai falle ya fito da shatin wuƙa a jiki, ko ziri ya cushe.

Ɗaure goron shaf, ka kusanto da shaf biyun a hankali kana juyawa da hannu, ka gwada kowace mahaɗa da fila-gej. Dukkansu, ba ta farko da ta ƙarshe kaɗai ba. In fila-gej ya ɓace, farar takardar ofis ta A4 kaurinta ya kusa 0.1, za ta nuna maka ko kana kusa. Dabarar fita kunya ce ta rana ɗaya, gobe ka sayo gej.

Sai zurfin haɗuwa, wato yadda wuƙar sama ke nutsawa ta wuce bakin ta ƙasa. Ƙa'idata: mafi ƙanƙantar zurfin da zai raba fallen. Sabon shiga yana ganin in ya nutsa sosai zai fi yankewa. Abin da zai samu shi ne ziri mai lanƙwasa kamar lauje da wuƙa mai saurin dakushewa. A falle mai kauri sosai ma wuƙaƙen ba sa haɗuwa sam, ƙarfen ke karyewa tun ba su kai ga juna ba.

Kafin ka cire kwaɗo, jera faya-fayan raba ziri na bakin matsi da na saman naɗewa. Kowane gurbi ya ɗara faɗin ziri da ɗan kaɗan, yadda zai wuce ba gogayya.

3. Ɗora koyil

Duba ta ina bakin fallen zai fito, ta sama ko ta ƙasa, da kuma fuskar da mai kaya ke so a waje. A falle mai fenti wannan kuskure yana nufin sauke tan 5 a sake juyawa. Ɗora a keke, ɗaga har idon ya yi daidai da mandiral, tura a hankali, tsakiyar koyil ta hau tsakiyar layi. Auna da tef daga alamar tsakiya, ido ba mudu ba ne. Buɗe mandiral ya kama sosai kafin ka sauke keke.

In babu keke, ƙugiyar sama da maratayi mai siffar C za su yi, ko majanyin ɗaukar kaya mai faɗi da roba a kusurwa. Tsirarar sarƙa ta cikin ido kuwa, naɗi goma na ciki sun tafi bola.

4. Yanke ɗauri

Gajeren mataki ne, amma shi ya fi saurin kai mutum asibiti. Koyil a matse yake kamar sifirin. Juya shi har bakin fallen ya zo ƙarƙashin rolar danne kai, sauke rolar ta danne, sannan ka yanka. Fara da langalangar da ta ratsa ido, ta zagaye ita ce ta ƙarshe. Tsaya a gefe, ba a gaban baki ba, ka tabbata ba kowa a inda langalangar za ta yi tsalle. Falle mai kaurin milimita 2 in ya kwance da kansa, marinsa ya isa ya kayar da ƙato.

5. Zurawa har zuwa wuƙa, da gwaji

Daga nan har a gama zurawa injin yana kan taku ne, wato yana motsi muddin yatsa na kan maɓalli. Mutum ɗaya ke ba da umarni, kuma mai allo ba ya dannawa sai ya ga hannayen kowa.

Buɗe rolar kamu, tura bakin falle ya hau tebur ya shiga, rufe rolar. Da ƙugiya ake gyara masa hanya. Safar hannu tana kare ka daga kaifi, amma kusa da rola mai juyawa ita ce ke fara shiga ta ja hannun. Saita lebula, bakin shiga ya fi matsewa, bakin fita ya kusa kaurin fallen. Yanke bakin farko da almakashin inji, mita ɗaya ko fiye, har ka wuce inda ya lotse, yankan ya zama a miƙe. In bakin ya karkace, wuƙar gefe ɗaya za ta riga kamawa ta ja fallen gefe. Matso da jagorar gefe ta taɓa kawai, kada ta matse.

Shigar da kamar mita ɗaya cikin wuƙaƙe ka tsaya. Auna faɗin kowane ziri da baniya. Sannan ka yanko guntu ka kai haske ka dubi bakin. Yanka mai kyau, kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurin yana sheƙi, sauran ya yi toka-toka, layin da ya raba su a miƙe. In sheƙin ya cinye kusan duka ko ya fito hawa biyu, tazara ta yi kaɗan. In bakin ya tanƙware ga kaifi ya tashi ta baya, wanda muke ce wa gemu, tazara ta yi yawa ko wuƙa ta dakushe. Gemun da ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kauri, ni ba na bari ya fita. Kada ka damu in ka ga gemun wani ziri yana kallon sama na kusa da shi yana kallon ƙasa, haka jerin namiji da mace ke bayarwa.

In akwai gyara, ja baya, sa kwaɗo, gyara. Asarar mita ɗaya ce yanzu.

6. Ragowar gefe, rami, matsi

Ja siraran ragowar gefe biyu da filaya ka ɗaura su a mai naɗe su. Wannan siririn abu ya fi reza, kuma yana son naɗe ƙafa. In mai naɗewar ya lalace, a yi ta tsayawa ana yankewa guntu-guntu ana zubawa a durom. Aikin zai yi nawa, amma kada wani ya tsaya yana ja da hannu inji na gudu.

Rufe teburin rami, ka tura ziri su haye, ka sa kowane a gurbinsa, su ratsa matsi a buɗe, har mandiral ɗin naɗewa. Cusa bakin kowane ziri a tsagar mandiral, a jere, tsawonsu ɗaya. Buɗe mandiral ya cije su. Yi taku zagaye biyu ko uku, sauke faya-fayan sama, sannan ka rufe matsi ka buɗe teburin rami ka saki falle ya sauka ya yi ciki.

Ga dalilin ramin. Daga kamfanin da aka murza shi, falle ya fi kauri a tsakiya fiye da gefe, da ɗan abin da ido ba ya gani. Zirin tsakiya yana tara gammo mai girma, don haka kowane zagaye ya fi jan tsawo. Na gefe sai su riƙa saura, suna saki. Ramin ne ke haɗiye wannan saki, matsi kuma ya sa duk su shiga naɗi da ƙarfi ɗaya. Duba bargon da ke shimfiɗe a cikin matsi kafin ka rufe. In ɓarɓashin ƙarfe ya maƙale a ciki, zai ja layi a jikin falle tun daga farko har ƙarshe, mai fenti kuwa ba ya yafe wannan. Sabon bargo ya fi koyil araha nesa ba kusa ba.

7. Gudu

Tashi a hankali. Mita 50 na farko a tafiyar ƙafa, kana kallon abu huɗu: koyil ɗin baki kada ya riga layi gudu, in yana yi ƙara birki, ragowar gefe kada ta tsinke, cikin rami, da gefen naɗi ya tashi a miƙe kamar bango. In naɗi yana turowa gefe kamar ƙahon rago, matsi ya yi kaɗan ko faya-fayai ba su yi layi da wuƙaƙe ba. In ziri yana ƙara yana miƙewa, matsi ya yi yawa. Yayin da koyil ɗin baki ke ƙanƙancewa, riƙa sassauta birki.

Kunne ma ma'auni ne. Yanka mai lafiya shuuu yake yi bai ɗaya. Da ka ji ƙas-ƙas a kowane zagaye, wuƙa ta ɓalle, tsaya.

Zirin gefe zai yi ta sauka a rami. In ya kusa taɓa ƙasa, tsaya, yanke, ɗaure abin da ka naɗa, ka sake kama baki. Haka ma wanda injinsa ba rami: raba koyil gida biyu ko uku, sakin ba zai taru ba. Akwai tsohuwar dabara ta cusa kwali a cikin naɗin zirin da ya saki don ya ƙara girma. Tana aiki, shi ya sa ba ta mutu ba. Na ga abokin aiki yana yi inji na gudu, kwalin ya tafi da safar, safar ta tafi da yatsu biyu, kafin mai allo ya kai hannu jan maɓalli an gama. Yana nan da ransa, yana sayar da kayan gini. In har sai an sa kwali, a tsayar da inji cak, a ajiye, hannu ya fita, sannan a yi taku.

In an ɗauke wuta ana cikin gudu, mayar da komai sifili tun janareta bai tashi ba. Dubi bakin layi, koyil kan ci gaba da juyawa ya zubo falle ƙasa. Naɗe sakin da taku, sa alama a inda wuƙa ta tsaya domin takan bar shati, ka rubuta a takarda.

8. Wutsiya da saukewa

In ya rage naɗi kamar goma a mandiral ɗin baki, koma tafiyar ƙafa. Wutsiya in ta kuɓuce da gudu bulala take yi. Naɗin ƙarshe galibi a lanƙwashe yake, yanke shi da almakashi kafin ya isa wuƙa. Rufe teburin rami in ciki ya ƙare, ka tsaya tun wutsiyoyin suna cikin matsi. Saki ɗaya-ɗaya, kana kama kowace da salatif mai ƙarfi ko langalanga ta zagaye, faya-fayan sama suna danne. Kada ka tsuke mandiral alhali akwai zirin da ba a ɗaure ba.

Shigo da keke ya tallafe, ɗaga faya-fayai, saki cizon baki, tsuke mandiral, tura su fita. Siraran gammo suna faɗuwa kamar tayar keke, don haka a jingine su da abin tokare tun kafin su bar mandiral. Kowane a yi masa ɗauri uku ko huɗu ta cikin ido, a auna a sikeli, a rubuta lambar uwar koyil da faɗi da kauri da nauyi a jiki. A ɗora kan katako, ba kan siminti ba, da damina a rufe da leda.

Ragowar gefe ma a auna ta. A misalinmu 20 cikin 1,220 ne, kusan kilo 82 a tan 5, ban da baki da wutsiya. Haɗa nauyin ziri shida da na ragowa ka ga ko sun kusa nauyin da koyil ya shigo da shi, ka rubuta a littafi kafin 'yan gwangwan su zo kwasa. In aikin gobe faɗinsa ɗaya da na yau, bar wuƙaƙen a jere, ka shafa musu ɗan mai, ka rufe kan da leda, ka rubuta wa mai karɓar aiki tazarar da ka sa da kuma wuƙar da ka fara zargi.